Dashe ko Shuka a Gurbi: Jagora ga Mai Lambu a Yargalma da Kewaye

Shekarar da na fara noman kankana, da hannuna na kashe kusan rabin abin da na shuka. Na saba da tumatir, hannuna ya san komi, ya san tuge iri, ya san dasawa da la'asar. Sai na ɗauka kowane iri haka ake yi masa. Na zuba irin kankana a komi, ya tsiro shar, bayan mako uku na tuge na kai kan kunya. Kwana biyu ganyen ya kwanta. Wanda bai mutu ba ya tsaya cik, kusan kwana goma sha biyu bai ƙara ko ganye ɗaya ba. Da ya farfaɗo bai yi yaɗo mai kirki ba sai ga fure, kuma 'ya'yan da ya bayar ba su wuce girman ƙoƙo ba.

Wani dattijo da lambunsa ke maƙwabtaka da nawa ya zo ya tsaya a kan kunyar, ya daɗe yana dubawa. Na ce, "Baba, ko takin ne bai isa ba?" Ya ce, "Ɗana, taki bai yi maka laifi ba. Kankana ba ta da kwanakin jinya. Inda za ta mutu, nan ake haihuwarta."

Wannan magana ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa. Dashe rauni ne. Komai ƙwarewar hannunka, in ka ɗaga tsiro daga ƙasa ka tsinke siraran gashin saiwar da yake shan ruwa da su, kuma sai ya sake fitar da wasu kafin ya ci gaba da girma. Wannan yakan ci mako ɗaya, wani lokaci biyu. Saboda haka kafin ka yanke shawarar dasawa ko shukawa a gurbi, abu biyu za ka tambayi kanka: wace irin saiwa wannan shuka take da ita, kuma tana da kwanakin da za ta biya bashin jinya?

Mu fara da kwanaki, domin nan ne mutane da yawa ba su lura ba, alhali iyayenmu sun san shi a aikace. Akwai shukar da ke kallon rana, akwai mai ƙirga kwana. Dawarmu ta gargajiya, irin su farafara da kaura, da maiwa, da waken kanannado, duk masu kallon rana ne. Ko ka shuka su a farkon Yuni ko a Yuli, ba su fitar da kai ko fure sai wuni ya fara gajarta a ƙarshen damina. Shi ya sa manomi zai iya cire dawa daga inda ta yi yawa ranar da aka yi ruwan sama, ya datse ganyenta, ya cike gurbin da bai tsiro ba, kuma ta kamo 'yan'uwanta a lokacin girbi. Tana da sarari. A kudancin Kaduna da Filato, dauro da dashe ake nomansa tun asali. A Barno, a ƙasar firki ta gefen Tafkin Chadi, dawar masakwa sai an rene ta a wani wuri sannan a dasa bayan ruwa ya janye.

Mai ƙirga kwana kuwa, agogonta na fara bugawa ranar da ta tsiro, kuma ba ya tsayawa don ta yi rashin lafiya. Kankanar nan ƙarama mai baƙin baya da ake kira Sugar Baby tana nuna cikin kwana 75 zuwa 80. Kuɓewa, wadda mu a nan muke ce wa guro, irinta na zamani yakan fara fure kafin ya cika wata biyu. Waken zamani mai saurin nuna da cibiyoyin bincike irin su IAR ta Samaru da IITA suka fitar, wasu ba su wuce kwana 65 zuwa 70. Ka yi lissafi da kanka. Shukar da ke da kamar kwana 35 ta gina jikinta kafin fure, in ka cinye mata 12 a jinya, ka ƙwace kashi ɗaya cikin uku na ƙuruciyarta. Za ta yi fure a kan lokacinta, amma da ƙaramin jiki, kuma ƙaramin jiki ƙaramin kaya yake ɗauka. Abin da ya sami kankanata ke nan.

Sai saiwa. Ka tuge albasa ko shinkafa ka duba ƙarƙashinta, za ka ga saiwoyi birjik kamar gemu, duk kusan tsawo ɗaya. In rabi ya tsinke, gindin zai fitar da sababbi. Tumatir ya fi kowa yafiya: ko jikin karansa ka binne, saiwa zai fitar. Amma ka tuge guro ko kankana ko kabewa ko kokwamba, za ka ga uwar saiwa guda ɗaya ta miƙe ƙasa kamar tsinke, ita ce ke nutsawa ta nemo laima a lokacin da sama ta bushe. In ta karye, shukar za ta rayu da ƙananan saiwoyin gefe, amma ta zama mai ƙishi har ƙarshen ranta. A karas kuma uwar saiwar ita ce kayan sayarwar. Wanda ya dasa karas zai haƙo shi da rassa biyu ko uku, a murɗe, ba mai saye a kasuwa. Gyaɗa da wake da masara da riɗi, su ma a gurbinsu ake shuka su.

To me ya sa ake wahalar renon iri, tun da dashe rauni ne? Saboda ga waɗanda ke jure shi, ribarsa ta fi asararsa nesa ba kusa ba.

Ƙwayar irin tumatir da tattasai da attarugu da albasa ƙanana ne, tsironsu kuma rarrauna ne a makonnin farko. In ka watsa su a fili mai faɗi, sai ka shayar da fili duka don 'yan tsirarun da ba su kai tsawon yatsa ba, ka yi ta fama da ciyawa da fara da kaji da zafin rana. A komi ɗaya ko biyu kuwa, bokitin ruwa kaɗan ya ishe ka, idonka na kansu safe da yamma. Wanda ke sayen man fetur don injin ban ruwa ya san bambancin shayar da taku goma da shayar da kadada guda har mako huɗu. Irin ma ba ya ɓacewa: gram 250 zuwa 300 na irin tumatir, in an rene shi da kyau, ya isa dasa kadada. Sannan a ranar dashe kai ke zaɓe, ka ɗauki masu ƙarfi ka bar raunana.

Akwai kuma ribar lokaci, wadda ta fi shafar masu fadama a bakin Gulbin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum zuwa Gummi. Fadama ba ta shiguwa sai ruwa ya janye, kuma wata shekarar yakan daɗe. Mutanen Gummi ba su manta ambaliyar watan Agustan 2024 ba. Mai hankali yakan zuba irinsa a tudu tun Satumba ko farkon Oktoba, yadda ranar da fadama ta tsane irinsa ya riga ya isa dashe. Wannan wata guda da ya ci riba shi ne ke sa tumatirinsa ya yi fure cikin sanyin hunturu. Tumatirin da ya makara har furensa ya faɗa zafin Maris da Afrilu, furen zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Masu albasa na Aliero a Kebbi da na Galmi a Nijar duk a kan wannan tsari suke: reno a ƙarshen damina, dashe a farkon sanyi, haƙa kafin bazara ta yi tsanani.

Ga yadda nake yin komin reno. Faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya, don hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka taka ba. In da sauran ruwan sama, ka ɗaga shi sama da ƙasa kamar tsawon tafin hannu. In rani ya shiga sosai, ka yi shi a kwance yadda zai riƙe ruwa. Ƙasar ta zama mai laushi, a gauraya ta da takin gida wanda ya ruɓe har ya daina wari ya koma baƙi. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona tsiro, yana kuma jawo gara. Iyayenmu sukan tara kara a kan komin su cinna wuta kafin zuba iri; wannan yana rage ƙwayar ciyawa da cutar da ke sa tsiro ya ruɓe daga gindi ya faɗi, kuma har yau ban ga dalilin barinsa ba. Ka ja layi da yatsa, tsakanin layi da layi kamar faɗin hannu, zurfin bai wuce rabin gaɓar yatsa ba. Ka zuba iri da sauƙin hannu. Yawancin komin da na gani ya lalace, cunkoso ne ya lalata shi: tsiron ya yi tsawo, ya yi siriri, ya yi fari-fari, yana neman haske a tsakanin 'yan'uwansa. Ka rufe da busasshiyar ciyawa, ka yayyafa ruwa ta samanta, kuma ranar da ka ga kan tsiro ya ɓullo ka ɗage ciyawar ka mayar da ita rumfa a sama.

Shekarun dashe kowa da nasa. Tumatir mako uku zuwa huɗu, lokacin da ya yi ganyen gaske huɗu ko biyar. Kabeji da yalo kusan mako huɗu zuwa biyar. Tattasai da attarugu sun fi nawa, sai mako biyar zuwa shida. Albasa mako shida zuwa bakwai, lokacin da wuyanta ya kusa kaurin fensir. Shinkafa, irin su FARO 44 da ake nomawa a Bakolori da sauran wuraren ban ruwa, kwana 14 zuwa 21. Akwai ma tsarin da ya samo asali a Madagaska a shekarun 1980 inda ake dasa ta tana da kwana 8 zuwa 12, tsiro ɗaya a gurbi, don ta yi 'ya'ya da yawa daga gindi. Duk inda ka duba, darasin ɗaya ne: ƙaramin tsiro ya fi saurin warkewa. Tumatirin da ya fara fure a komi ya tsufa, ko an dasa shi ba zai ba da abin da ya kamata ba.

Mako guda kafin dashe ka fara horar da su. Ka rage ruwa, ka riƙa ɗage rumfar, su saba da rana da iska. Ranar dashe kuma ka jiƙa komin sosai tun da hantsi, yadda saiwa za ta fito da ƙasarta. Kada ka finciko da kara. Ka sa ɗan icce ko tsohon cokali ta ƙasa ka ɗago. Bayan la'asar ake dashe, don tsiron ya samu dare guda cur kafin ya haɗu da rana. Abin da za ka iya dasawa cikin awa ɗaya shi za ka tuge, sauran su jira a komi. Tumatir ka binne shi har kusa da ganyen farko. Tattasai daidai inda ƙasa ta tsaya masa a komi. Albasa kuwa sama-sama, in ka nutsa ta za ta yi dogon wuya ta ƙi yin kai. Ka danna ƙasar gefen da yatsu, ka ba da ruwa nan take. Takin zamani ya jira sai bayan kwana goma zuwa mako biyu, lokacin da ka ga sabon ganye. Saiwa mai rauni ba ta iya ɗaukarsa.

Masu shuka a gurbi nasu aikin ya fi gajarta. Ka shirya ramin da taki tun kafin, ka jiƙa shi, ka sa ƙwaya biyu ko uku. Kankana da kabewa zurfin gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu. Guro yana da taurin ɓawo, in ka jiƙa shi a ruwa ya kwana zai fi saurin fitowa. Bayan mako biyu ka bar ɗaya ko biyu mafi ƙarfi. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi: mutum ya tuge na banzan, garin haka ya girgiza saiwar wanda zai bari. Ka datse shi da farce ko reza daidai ƙasa. Kuma kada tausayi ya sa ka ce bari in dasa wanda na cire a wani gurbin. In akwai gurbin da bai tsiro ba, sabuwar ƙwaya za ka sa a cikin makon farko.

Akwai hanya ta tsakiya, wadda na koma gare ta bayan asarar da na ba da labari. Irin kankana da kokwamba na zamani da ake sayarwa a ƙunshi ko gwangwani yana da tsada, ba a son ɓera ko tsuntsu ya tone shi, kuma a tsakiyar hunturu ƙasa mai sanyi takan hana shi tsirowa da wuri. Sai a shuka ƙwaya ɗaya-ɗaya a ƙaramar leda, ko ledar fiya wata da aka yanke bakinta aka huda ƙasanta, a ajiye a wuri mai ɗumi. Sharaɗin shi ne kada ya wuce mako biyu zuwa kwana 18 a ciki, ganyen gaske biyu, iyaka uku. Ranar dashe ba a zaro shi. Ana tsaga ledar da reza daga gefe, a ɗauki curin ƙasar gaba ɗaya a zaunar a rami ba tare da ya farfashe ba. In ka tsaga ka ga saiwa ta naɗe kanta a ƙasan ledar kamar gammo, ka makara. Gwanda ma haka take so: a leda, a fitar da ita tana da kamar mako shida zuwa takwas, kuma a sa uku a wuri ɗaya, domin ba a gane namiji da mace sai sun yi fure. Zogale kuwa in da hali ka shuka shi a inda zai zauna, ko ka kafa reshe.

Yanzu ga masu shuka a cikin gida, a bokiti da buhu da tsohuwar jarka. Wannan ya ƙaru a garuruwanmu, domin rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa, wasu ma suna zaune a cikin Anka da Gummi ba a ƙauyukansu ba, kuma mata da dama da abin da ke tsakar gida suke yin miya. Ƙa'idar ba ta canja ba. Guro, wake, kokwamba, rama da sure, ki shuka su kai tsaye a mazubin da za su ƙare rayuwarsu. Guro ɗaya ko tumatir ɗaya yana buƙatar mazubi mai cin lita 15 zuwa 20, wato jarkar man gyaɗa da aka yanke samanta. A huda ƙasan wuri huɗu ko biyar. Tumatir da tattasai kuwa ki fara su a ƙaramin kwano, ki mayar da su babba in sun isa. Matsalar ƙaramin tsiro a babban mazubi ita ce ruwa: ƙasa mai yawa tana riƙe laima, saiwa kaɗan ba ta iya shanyewa, sai gindin ya ruɓe. Saboda haka a makonni biyu na farko ki zuba ruwa kaɗan a kewayen tsiron kawai, kamar kofi ɗaya, kuma ki tura yatsa ki ji. In da danshi, ki bari sai gobe. Ƙasar mazubi kada ta zama laka zalla, takan daskare kamar bulo. Kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi ko buntun shinkafa da aka babbaka.

Batun ƙasa ya kawo ni ga abin da ba zan iya tsallakewa ba in ina magana da mutanen Yargalma. A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, daga dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Ƙauyukan Yargalma da Dareta ne aka fara yi wa aikin kankare saman ƙasa ana zuba mai tsabta a wannan shekarar, Bagega kuma sai a 2013. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ido ba ya ganinta, kuma wutar karan da na ce a cinna a kan komi ba ta yi mata komai. Babban haɗarinta a lambun gida shi ne ƙura: wadda ke manne wa ganyen alayyafo da latas, da jikin karas, da hannun yaron da ke wasa kusa da bokitin.

Don haka mai cika leda ko buhu a wannan yanki ya san asalin ƙasarsa. Kada a ɗebo daga inda aka taɓa daka dutse, ko niƙa shi, ko wanke shi, ko shanya shi, ko daga kududdufin da ruwan wankin ke gangarawa. Kada a yi amfani da ƙasar rusasshen bango in ba a san inda aka yi tubalinsa ba. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutsen ma'adinai ba na shuka ba ne, haka jarkar da ta ɗauki maganin feshi ko ruwan batir. A ɗora mazubi a kan dutse ko katako, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don kada ruwa ya fantsamo ta kan ganye, a wanke ganyen sosai kafin a yanka, a wanke hannu kafin a taɓa abinci. A gidan da ake shakkar ƙasarsa, shuka a mazubi da ƙasar da aka ɗauko daga gona mai nisa da wurin aikin ma'adinai ta fi shuka a tsakar gida aminci.

Ɗan'uwa mai lambu, in kana shakkar abin da na faɗa game da kankana ko guro, bana ka ware kunya biyu, ɗaya ka shuka a gurbi, ɗaya ka dasa daga komi, iri ɗaya, rana ɗaya, ka ƙirga abin da kowace ta ba ka. Amma ƙasar da za a cika ledojinka da bokitan iyalinka, kada ka aiki yaro ya ɗebo. Ka je da ƙafarka ka ga wurin.